Yadda ake ɓare girafin daga girafait a cikin ruwa da taimakon dangin sabulu

Duk wanda ya yi karatun allo ya san cewa gawayi da ruwa kaɗai ba sa yin tawada. Idan aka niƙa gawayi aka zuba masa ruwa, ba a daɗewa baƙin zai kwanta a gindin kurtu ya bar ruwa a bisa, shi ya sa ake sa ƙaro domin ya riƙe baƙin a cikin ruwan har ya kama alƙalami. Aikin da zan yi bayani a nan ɗan'uwan wannan ne, sai dai abin da ake son riƙewa a cikin ruwan ya fi garin gawayi siranta nesa ba kusa ba. Na rubuta shi ne domin ɗaliban kimiyya da injiniyanci na Kaduna da Zariya, musamman masu shirin binciken kammala karatu, waɗanda sau da yawa suke ganin ruwa ya yi baƙi a kwalba su ɗauka aiki ya ƙare, alhali a nan ne ya soma.

Girafait kabon ne tsantsa, shi ne baƙin da ke cikin fensir idan aka ware yumɓun da ake gauraya shi da shi. Ƙwayoyin zarrarsa a shimfiɗe suke falle bisa falle, kowane falle da tsari irin na saƙar zuma mai kusurwa shida. A cikin falle guda ƙwayoyin suna riƙe da juna gam, tazarar da ke tsakaninsu nanomita 0.142 ce (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), amma tsakanin falle da falle tazarar nanomita 0.335 ce kuma riƙon mai rauni ne, har girafait mai kaurin milimita ɗaya yana ɗauke da falle wajen miliyan uku. Falle guda da aka raba da sauran shi ake kira girafin. A shekarar 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare shi da salatif a Jami'ar Mancesta ta Ingila, aka ba su kyautar Nobel ta fiziks a 2010. Hanyar salatif tana ba da falle mai kyau ƙwarai, amma ɗan mitsitsi ne da ba zai isa yin fenti ko tawadar lantarki ba. A 2008 tawagar Jonathan Coleman ta Kwalejin Trinity da ke Dublin ta nuna cewa ana iya ɓare girafait da yawa a cikin wani ruwan sinadari mai suna NMP, sai dai wannan ruwa ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 200, wato kawar da shi daga abin da aka samu wahala ne, kuma yana da illa ga ɗan tayi. A shekarar da ta biyo baya, 2009, tawagar ta yi aikin a cikin ruwa zalla da aka sa wa sinadarin SDBS, ɗaya daga cikin dangin sabulu waɗanda masana ke kira safaktan. Wannan hanya ta ruwa da safaktan ita ta fi dacewa da ɗakunan gwaje-gwajenmu.

Kafin a taɓa kwalba ya kamata a fahimci abin da safaktan yake yi da abin da ba ya yi, domin yawancin kurakurai daga nan suke tasowa. Girafait yana gudun ruwa, kuma ƙarfin riƙon fuskar ruwa, wanda ya kai 72 a ma'aunin milijul kan kowane murabba'in mita, ya zarce kimanin 40 da ruwan sinadaran da suka dace da girafin suke da shi. Saboda haka ko an ɓare falle a cikin ruwa zalla, zai nemi ɗan'uwansa su sake mannewa su nutse. Ƙwayar safaktan tana da wutsiya mai gudun ruwa da kai mai son ruwa. Wutsiyar takan kwanta a bisa fallen, kan kuma ya fuskanci ruwa. Idan kan yana da cajin lantarki, kamar a SDBS da SDS da sodiyam kolet, duk fallayen sukan ɗauki caji iri ɗaya su riƙa ture juna. Idan ba shi da caji, kamar a Triton X-100 da Tween 80, dogayen sarƙoƙinsa ne ke shiga tsakani su hana fallayen haɗuwa. Ɓarewar kanta ƙarfin na'ura ne ke yin ta, safaktan kuwa mai gadi ne da ke hana abin da aka raba ya koma. Wanda ya riƙe wannan ba zai riƙa ƙara sabulu yana tsammanin ƙarin girafin ba.

Girafait ɗin da za a fara da shi ya zama garin girafait na ƙasa mai ɓawo-ɓawo, wanda aka tace, aka kuma rubuta tsaftarsa da girman ƙwayarsa a jikin gwangwaninsa. Baƙin fensir bai dace ba saboda yumɓu da kakin da ke cikinsa, haka ma sandar da ke tsakiyar batirin tocila, wadda aka haɗa da wasu abubuwan ɗauri. Akwai girafait a ƙasar Birnin Gwari a nan jiharmu, kuma ina ganin babban abin alfahari ne a ce ɗalibi ya yi girafin daga dutsen gida, amma ɗanyen dutse yana tafe da yashi da sauran ma'adinai masu yawa, tace shi kuma bincike ne mai zaman kansa. Shawarata ita ce a fara ƙwarewa da tataccen gari na saye, sannan a kawo na gida a gwada su kafaɗa da kafaɗa.

Ruwa shi ne abin da aka fi rainawa, kuma shi ya fi ɓata aiki. Ruwan famfo da na burtsatse da na leda duk suna ɗauke da narkakkun gishiri, musamman kalsiyam da magniziyam, waɗanda ke rufe cajin da ke kan fallaye, sai turewar ta yi rauni, girafin ya dunƙule ya kwanta cikin kwana ɗaya ko biyu. A yi amfani da tataccen ruwa na ɗakin gwaje-gwaje tun daga wanke kwalabe har zuwa ɗauraya ta ƙarshe. Wannan dalili ne kuma ya sa omon wanki bai dace ba, domin rabonsa mai yawa gishiri ne da kanwar bature da turare. A lokacin hunturu a riƙa rufe kowace kwalba da zarar an zuba abu, saboda ƙurar da ke shigowa ta taga tana iya shiga awo ta ba da nauyin ƙarya.

Cikin safaktan duka na fi son sodiyam kolet ga mai koyo. Gishiri ne da ake samu daga matsarmamar dabbobi, ƙwayarsa faffaɗa ce mai fuska biyu, ɗaya tana kwanciya a kan girafin ɗaya tana kallon ruwa, kuma ba ya kumfa kamar SDS. Idan ba a same shi ba, SDBS ko SDS za su yi. A matsayin ma'aunin farawa, a narkar da giram 2 na sodiyam kolet a lita ɗaya ta ruwa, a ɗebi mililita 80, a zuba masa giram 1.6 na girafait, wato giram 20 ke nan a kowace lita. Kowane safaktan yana da iyakar da in ya wuce ta ƙwayoyinsa sukan soma taruwa su yi ƙananan dunƙule a cikin ruwa. Ga SDS wannan iyaka tana wajen giram 2.4 a lita. Wuce ta da yawa ba ya ƙara alheri, sau da yawa ma yana rage girafin da ke tsayawa a ruwa, domin safaktan mai caji shi kansa gishiri ne, yawansa kuma yana yin irin ɓarnar da ruwan burtsatse ke yi. Mai binciken gaske zai haɗa kwalabe biyar ko shida masu safaktan daban-daban, daga giram 0.1 zuwa giram 10 a lita, ya bar sauran abubuwa yadda suke, ya ga da idonsa inda ya fi.

Akwai matakin wanki da ake yawan tsallakewa. A kaɗa cakuɗin na sa'a ɗaya a na'urar ɓarewa da zan bayyana a ƙasa, a juya shi da ƙarfi a santirifuj, wato na'urar da ke juya bututu da gudu, har komai ya kwanta, a zubar da ruwan da ke bisa, sannan a sake zuba sabon ruwan safaktan a kan abin da ya kwanta. Wannan ruwan farko yana tafiya da dattin da ya zo tare da garin, wanda in an bar shi zai raunana aikin safaktan.

Na'urar da aka fi samu a wurarenmu ita ce bahon sauti, wato ƙaramin baho na ƙarfe da ke aika sauti mai kaifin da kunne ba ya ji, yawanci wajen kilohaz 40, cikin ruwa. Sautin yana haifar da ƙananan kumfa waɗanda ke kumbura su fashe farat ɗaya, kuma ƙarfin fashewar ne ke zame falle daga kan ɗan'uwansa, yana kuma kakkarya shi. Ƙarfin ba ɗaya ba ne a ko'ina cikin bahon. Domin gano inda ya fi, a shimfiɗa siririyar takardar alminiyam a cikin ruwan, a kunna na minti ɗaya ko biyu, a duba inda ta fi hujewa, a nan za a riƙa rataye kwalba kullum, ba tare da ta taɓa gindin bahon ba, kuma ruwan bahon ya tsaya a tsayi ɗaya kowane lokaci. Wanda ya ajiye kwalbarsa yau a tsakiya gobe a gefe ba zai iya kwatanta sakamakonsa na kwana biyu ba.

Bayan gishirin da ke cikin ruwa, zafi shi ne abokin gaba na biyu. Bahon yana ɗumama ruwansa da kansa, kuma a watannin Maris da Afrilu a Kaduna ruwan yana iya yin zafi sosai cikin sa'a guda. Idan ruwa ya yi zafi kumfan sukan cika da tururi, fashewarsu ta yi laushi, ɓarewa ta ragu. A riƙa sauya ruwan bahon ko a jefa ƙanƙara duk bayan rabin sa'a, a ajiye ma'aunin zafi a ciki, a yi ƙoƙarin kada ya haura digiri 30. Ɗaukewar wuta ba ta ɓata cakuɗin, tunda safaktan yana riƙe da abin da aka riga aka ɓare. Abin da take ɓatawa shi ne lissafin lokaci, don haka a ajiye agogo da littafi, a rubuta mintin da na'ura ta yi tana aiki kawai. Na taɓa rasa aikin mako guda saboda na dogara da ƙwaƙwalwata a ranar da aka ɗauke wuta sau uku, kuma ban iya faɗin ko sa'a huɗu kwalbar ta samu ko shida ba.

Game da tsawon lokaci, sa'a 4 zuwa 6 a baho sun isa a ga sakamako mai aunuwa. Ƙarin lokaci yana ƙara yawan girafin, amma ba daidai wa daida ba: sai an ninka lokaci kusan sau huɗu kafin yawan ya ninka sau biyu, kuma fallayen suna ƙara ƙanƙancewa. A 2010 tawagar Dublin ta kai giram 0.3 a lita da sodiyam kolet, amma sai da ta bar baho yana aiki na ɗaruruwan sa'o'i. Wanda ke da na'urar sauti mai tsinke da ake tsomawa cikin cakuɗin kai tsaye zai yi sauri fiye da haka. Sai ya zauna da kwalbar cikin ƙanƙara, ya sa na'urar ta riƙa aiki na daƙiƙa shida tana hutawa biyu, ya kuma toshe kunnuwansa da abin kariya.

Akwai hanya ta biyu da ba ta buƙatar sauti. A 2014 aka nuna cewa juya ruwa da tsananin gudu yana ɓare girafait muddin saurin zamewar ruwan ya kai kimanin 10,000 a daƙiƙa, kuma a wannan shekarar aka yi aikin da bilendar kicin da sabulun ruwa na wanke-wanke mai suna Fairy. Bilenda tana ɗaukar rabin lita ko fiye a zubi guda, abin da baho ba zai iya ba. Matsalarta kumfa ce da zafin inji, saboda haka a kunna ta minti ɗaya a kashe minti ɗaya har lokacin aiki ya cika minti 30 zuwa sa'a guda, kada a cika kofin, kuma bilendar da ta taɓa wannan aiki kada ta sake komawa markaɗen abinci. Sabulun wanke-wanke ya isa a nuna wa 'yan aji yadda abin yake, amma ga binciken da za a rubuta a yi amfani da safaktan da aka san sunansa da nauyinsa, domin ba wanda zai iya maimaita gwajin da aka yi da sabulun da ba a san haɗinsa ba.

Abin da ya fito daga baho ko bilenda baƙi ne wuluk, kuma mafi yawansa girafait ne da bai ɓare ba. A bar shi ya kwana, sannan a kai shi santirifuj, na'urar da ke juya bututu da gudu har mai nauyi ya kwanta. Juyi mai sauƙi na minti 90 yana kwantar da manyan gutsattsari ya bar sirara a ruwa. A nan akwai abin lura: yawan juyi a minti ba shi ne ƙarfin ba, domin na'urar da hannunta ya fi tsawo ta fi jan abu ƙasa. Ƙarfin, idan aka auna shi da jan ƙasa, shi ne 0.00001118 sau tsawon hannu a santimita sau yawan juyi sau kansa. Hannu mai santimita 10 a juyi 1,500 yana ba da kimanin 250, a juyi 3,000 kuma kimanin 1,000. Wannan adadi ake rubutawa a rahoto. A daidaita nauyin bututun da ke fuskantar juna kafin a kunna. Bayan an gama, a zuƙe kashi biyu cikin uku na ruwan da ke bisa da bututun awo a hankali, kada a tsiyaye, domin karkata bututu yana tayar da abin da ya kwanta.

Mai son rarraba fallaye bisa girmansu sai ya hau mataki-mataki: ya juya ruwan da ya zuƙe a ƙarfi 250, ya adana abin da ya kwanta, ya juya sauran a 1,000, ya adana, ya sake a 3,000. Kowane kwanci ana iya sake watsa shi a ɗan ruwa kaɗan mai ƙarancin safaktan, ta haka a samu cakuɗi mai kauri, kuma na ƙarshe su ne mafi siranta da ƙanƙanta. Kwancin farko mai yawa kada a zubar, a sake sa masa ruwan safaktan a mayar da shi baho, domin abin da ke ɓarewa a zagaye ɗaya sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 na garin ba.

Yanzu sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato mene ne a cikin kwalbar. Idan aka haska fitilar lesa ta gefe aka ga layin hasken a fili cikin ruwan, wannan ya nuna akwai ƙananan ƙwayoyi a watse, amma madara da aka tsarma ma tana yin haka. Na'urar auna shan haske ta fi faɗin gaskiya: a tsarma cakuɗin har ya zama ruwan toka mai haske, a daidaita na'urar da ruwan safaktan zalla, sai a ga tsauni guda a zanen da na'urar ta fitar, a tsawon zangon haske na wajen nanomita 270, da shimfiɗaɗɗen layi a sauran hasken da ido ke gani. Idan tsaunin ya koma wajen 230, kabon ɗin ya sha iskar oksijin, wani abu ne dabam. Na'urar Raman, wadda ke haska samfur da lesa ta auna hasken da ya dawo, tana nuna tsauni uku a kan ma'auninta, D a wajen 1350, G a wajen 1580, da 2D a wajen 2700. Siffar 2D tana bambanta girafait da 'yan fallaye, D kuma yakan tashi idan fallaye sun ƙanƙance gefunansu suka yi yawa. Ƙidayar fallaye kai tsaye sai da madubin lantarki ko madubin ƙarfin zarra, wato na'urorin da ke nuna abu mai tsananin ƙanƙanta, kuma ya dace a nemi inda za a aika samfur tun kafin a fara aiki. A tuna cewa a gwajin 2009 kimanin kashi 3 cikin 100 na gutsattsarin ne kawai suka kasance falle guda, sama da kashi 40 kuma ƙasa da falle biyar. Sunan da ya dace da abin da wannan hanya ke bayarwa shi ne girafin mai 'yan fallaye, kuma haka ya kamata a rubuta shi a kan kwalba da kan takarda.

Yawan girafin ana lissafa shi ne daga shan haske a nanomita 660, a raba da kaurin kwalbar awo a mita, a sake rabawa da wani adadi na musamman. An samu 2,460 a NMP da 1,390 a ruwan SDBS, a ma'aunin lita kan giram kan mita. Idan na'ura ta nuna 0.5 a kwalba mai santimita ɗaya, adadi na farko zai ba da giram 0.020 a lita, na biyu kuma 0.036, bambancin da ya kusa ninki biyu a kan ruwa ɗaya. Saboda haka gara mutum ya samo nasa adadin: ya tace mililita 200 ko fiye ta matata mai ramukan da ba su wuce maikiromita 0.2 ba, wato nanomita 200, wadda ya riga ya auna, ya ɗauraye da ruwa mai yawa, ya busar, ya sake aunawa a sikeli mai lamba huɗu bayan ɗigo. Ko bayan ɗauraya akwai safaktan da ke maƙalewa a jikin fallaye, yana ƙara nauyi yana kuma rage gudun lantarki a siririyar fatar girafin da ta taru a kan matatar, don haka mai son fata mai ɗaukar wuta sai ya maimaita wanki sau da yawa.

Garin girafait ba a shaƙarsa, kuma yana ɗaukar lantarki, to a sa takunkumi da safar hannu wajen awo, a nisanta shi da soket da kwamfuta. Ragowar ruwa kada a zuba a kwata. A sa masa gishirin miya, girafin zai dunƙule ya kwanta, a tace a tara busasshen a kwalba mai murfi.

Ƙaron da na fara da shi ma yana da gurbi a wannan aiki. A 2013 masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun ɓare girafait a ruwan ƙaro, daga baya suka kawar da ƙaron da ruwan asid. Ƙaro ba shi da tsarin kai da wutsiya irin na sabulu. Manyan sarƙoƙinsa ne ke lulluɓe fallaye su hana su haɗuwa, kuma ana samun sa daga itacen dakwara a Jigawa da Yobe da Borno, a kasuwanninmu ma ba ya wuya. Mai son gwada shi ya zaɓi fari mai tsabta, ya jiƙa shi ya kwana, ya tace ɓawo da yashi, ya busar da ɗan awo domin ya san ainihin giram nawa ya narke a lita. Kada ya yi kauri, domin ruwa mai yauƙi yana kashe ƙarfin sauti yana kuma hana manyan gutsattsari kwanciya a santirifuj. Ruwan ƙaro yana yin fumfuna cikin 'yan kwanaki a zafinmu, don haka a haɗa sabo kowane zagaye ko a ajiye shi a firji, kuma a gudanar da kwalbar sodiyam kolet a gefensa, a baho ɗaya da lokaci ɗaya, domin a samu abin kwatantawa.